Na Hau Kujerar Mama Ba da Iliminta Ba

Anti, don Allah ki taimaka min da shawara. Na shiga wani hali, kuma wadda na saba kai wa irin wannan kukan ita ce babu.

Mahaifiyata ta rasu bara, ciwon daji ne ajalinta. Likitar masu damuwa ce, irin waɗanda ba sa allura, ba sa rubuta magani, sai dai su saurari mutum har ya sauke abin da ke cin ransa. A ɗakin da ke bakin ƙofar gidanmu take ganin mutanenta. Ba komai a ciki sai kujeru biyu, ɗan tebur da kwalin tishu, da labule mai kauri. Ko a kasuwa ta haɗu da mai zuwa wurinta ba ta fara gaishe shi, don kada wani ya gane. Ni ce auta, ni ce kuma ƙawarta. Babu wanda ba mu yi gulmarsa a kicin ba, ban da mutanen ɗakin nan. In na ce ni ma ta ba ni lokaci a kujerar, sai ta yi dariya ta ce ita uwata ce, in zo in yanka albasa mu yi maganar a nan. Har ciwon ya ci ƙarfinta, gashi ya zube, takan ɗaura ɗankwali ta dafa bango ta shiga ɗakin.

Bayan rasuwarta wata mata cikin masu zuwa wurinta ta ƙwanƙwasa ƙofa, ta roƙe ni in bar ta ta ɗan zauna a inda ta saba zama. Na buɗe mata. Da mako ya zagayo ta dawo, na kai mata ruwa, ta ce in zauna mana. To, ina zan zauna in ba kujerar Mama ba? Tun daga ranar ta fara zuba min cikinta: ɗanta da ya rasu, rashin barci, mijin da ba ya son a ambaci yaron. Ni kuwa lissafi nake koyarwa a firamare, iyakar ilimina a nan shi ne gyaɗa kai.

Ba zan ɓoye miki ba, ba tausayi kaɗai ke sa ni buɗe ƙofar ba. Matar nan Mama ce cike da bakinta. Takan ce Likita ta gaya mata baƙin ciki baƙo ne, a ba shi wurin zama amma kada a ba shi makullin gida. Ban taɓa jin wannan a kicin ba. Har gyaran muryar da Mama ke yi kafin ta faɗi magana mai nauyi ta iya. Duk mako sai in ji kamar an ƙara min ɗan lokaci da ita. Ina kewarta, Anti, kewar da ko hotonta ba ya rage min.

Abin da ya tayar min da hankali shi ne, kwanan nan ta ce ta daina shan maganin da asibiti suka ba ta, wai zuwa wurina ya ishe ta. Yayana ya ce in rufe ɗakin nan tun kafin in ja mana abin da ya fi ƙarfinmu. Na san yana da gaskiya. Amma in na sallame ta, ji nake kamar Mama za ta sake mutuwa. Yaya zan yi?

Autar Likita

*

Autar Likita, Allah ya jiƙan Mama, ya sa ciwon da ta sha ya zama kaffara. Ban ga laifinki ba da kika buɗe ƙofa. Ke da matar nan mutum ɗaya kuke nema, kowace tana ganin ɓurɓushinta a jikin 'yar'uwarta.

Sai dai maganar magani ba ta jira. Cikin makon nan ki gaya mata gaskiya da taushin murya: ke 'yar Likita ce, ba Likita ba, kuma dole ta koma wurin wanda ya rubuta mata maganin. Mama ba ta rasa abokan aiki. Ki nemi wadda ta fi yarda da ita, ki haɗa su, in da hali ki raka matar zuwan farko. Kin ga ba korarta kika yi ba, hannunta kika kama zuwa inda za a iya da ita.

Yayanki ya yi daidai a kan haɗarin, amma ya yi gaggawa a kan ɗakin. Ba sai an rufe shi yau ba. Ke dai ki sauka daga kujerar. In matar ta samu mai kula da ita, tana iya zuwa gaishe ki a falo kamar kowace baƙuwa, ku tuna Mama tare, ban da sirrin gidanta.

Kuma ba ita kaɗai ke riƙe da maganganun mahaifiyarki ba. Ƙannenta, ƙawayenta na makaranta, har shi yayan naki, kowa na da nasa. Ki tambaye su, za ki sha mamaki.

Saura ke. Matar nan likita ta rasa, kuma za a samo mata wata. Ke uwa kika rasa, ga shi tun da ta tafi ke ce mai sauraro. Ki nemi wanda ya san aikin, ki je ki zauna, wannan karon ke za ki yi magana. Allah ya sanyaya miki zuciya, 'yata.

Anti