Ranar da Na Rungumi Babanki a Filin Kurket

Zuwa ga Marama, farin watan da iyayenta ba su yi kuskuren suna ba, tunda ma'anarsa ke nan a harshensu, sanyin idona, zumar da ƙudan tsibiri suka tara daga furen kan dutse, tauraruwar da matuƙa ke dubawa in hanya ta ɓace musu a ruwa. Zuwa ga mace ɗaya tilo da ta taɓa kunyata ni a gaban dubban mutane, na koma gida ina murmushi.

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawan igiyar ruwan da ke tsakanin ƙasata da taki. Kin ce kar in kira ki sai ina da amsa. To, ban kira ba. Amma ba ki ce kar in rubuta ba, kuma kin san halina: in na tsaya gabanki harshena kan kwanta kamar ƙullun da aka manta ba a sa masa yisti ba. Bari takarda ta yi abin da baki ya kasa.

Kin tuna washegarin Kirsimeti a Melbourne, bara waccan, da 'yan wasan kurket na ƙasarku Niyu Zilan suka kawo mana ziyara Ostireliya? Fili ya cika maƙil da rawayar rigunanmu, ke kaɗai cikin baƙar riga a tsakiyarmu kamar shaho a garken 'yan tsaki, kina ihu, kina gyara wa alƙalin wasa aikinsa. Sai ɗan wasanmu ya maka wa ƙwallo sanda, ta tashi sama, ta tsallake iyaka, ta nufo mu. Na miƙe ina ture mutane ina cewa, "Tawa ce! Ku bar mini!" Aka bar mini. Ta ratsa tsakanin yatsuna kamar ba ta san ni ba, ke kuma kika cafe ta da hannu ɗaya, ɗaya hannun na riƙe da burodin naman da kike ci. Kika dube ni sama da ƙasa kika ce, "Bawan Allah, wannan hannu ne ko rariya?" Na ce rana ce ta shiga idona. Kika ce, "Ai ranar ƙasarku ce, sai ka kai ƙararta."

Wayyo ni, Marama! Masu iya magana sun ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, amma jifan da kika yi wa zuciyata a ranar har yau yana sama.

Tun daga nan nake rabe biyu. Jikina na gaban tanderun gidanmu a Geelong, hankalina na kan jirgin ruwan da kike tuƙawa tsakanin tsibiranku. Sau nawa na ƙona burodin mutane don na hango dariyarki a cikin wuta? Sau nawa na tsaya bakin ruwa ina tambayar tsuntsaye ko daga wajenku suke? Aka ce garin masoyi ba ya nisa. Wanda ya faɗi haka bai taɓa tsayawa a filin jirgin sama yana kallon bayan masoyiyarsa har ƙofa ta rufe ba. Muryarki a waya kamar ƙamshin ruwan farko ce ga manomi: tana faranta rai, amma ba ta jiƙa gona.

Da aka sanar 'yan wasanmu za su rama muku ziyara bana, na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Na ƙullo kayana, na zo garinku Wellington da hulata mai ruwan ɗorawa da bakina cike da cika baki. Ban san ke da wata magana kike jira na ba. Ana gobe za a ƙare wasan ƙarshe, a bakin tashar jirginku, kika ce, "Dermot, na gaji da soyayyar sallama. Ba zan bar Baba shi kaɗai ba, kai kuma ka ce ba za ka bar tanderun kakanka ba. Ka je ka yi tunani." Ba ki yi kuka ba. Da kin yi, da ya fi mini sauƙi. Har kin juya sai kika waiwayo kika ce, "Gobe ina aiki. Ka kai Baba fili, idonsa ba ya ganin nesa, ka riƙa gaya masa abin da ke faruwa. Kuma kar ka yi masa ƙarya."

Ke da ba ki nan, ki saurara ki ji abin da kika jawo mini.

Kin san Baba Wiremu bai taɓa kiran sunana ba. Shi a wurinsa ni ne "ɗan mirgine", don har yau bai huce ba daga ranar da mutanenmu suka mirgino ƙwallon ƙarshe a ƙasa kamar lemo, don kada ɗan wasanku ya samu ya yi bugun maki shidan da kuke nema. Sama da shekara arba'in ke nan! Na taɓa ce masa, "Baba, lokacin ko haifata ba a yi ba." Ya ce, "Ai abin a jini yake."

Muka isa fili, muka shimfiɗa bargo a kan tudun ciyawa. Ko zama ban gama yi ba, iskar garinku, wadda ba ta san baƙo ba, ta fizge hulata ta yi sama da ita, ta wuce da ita wajen fili. Baba ya ce, "Me ya tashi?" Na ce, "Hulata ce." Ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla. Iskarmu ma ta san shara."

Na haɗiye. Saboda wa? Saboda ke, ya ke mai idanu kamar ruwan tafki da hantsi.

Wasa ya yi wasa. Da rana ta karkata, saura maki kaɗan ku cinye mu, amma mutum biyun ƙarshe ne suka rage muku, ɗayansu siriri kamar sillen kara, wanda aka ɗauko don jifa, ba don bugu ba. Da an fitar da ɗaya, shi ke nan, mun yi nasara. Duk ɗan Ostireliya da ke filin ya miƙe tsaye. Ni ma na so in miƙe, sai na ji an riƙe mini hannu. Baba ne. 

Ya ce, "Ɗan mirgine, me ya faru?"

Na ce, "Siririn naku ya tare ƙwallo, Baba."

"Ya tare, ko dai sa'a ce ta tare masa?"

"Gaskiya sa'a ce."

Ya yi 'yar dariya ya ce, "Mahaifiyar Marama ce ke gaya mini a da, Allah Ya jiƙanta. Ita in ta ga za mu faɗi sai ta ce ta manta tabaraunta a gida."

Na juya na dube shi, sai na ga idanunki a fuskarsa, irin yadda kike ƙanƙance su in kina hangen tudu daga cikin hazo. Daga nan ban san yadda aka yi ba. Ina gaya masa kowane jifa, yana matse mini hannu, ni kuma sai na ji ina roƙon Allah a zuci kada siririn nan ya faɗi. Ni! Jikan mutumin da yake rufe gidan burodi in muka sha kashi! Mai jifanmu ya taho a guje kamar an koro shi, ya saki ƙwallo, gefen sanda ya ɗan shafe ta, ta sulale tsakanin masu tsaronmu biyu, ta gangara, ta gangara, ta taɓa igiyar iyaka, makin da kuke nema ya cika. Sai na ji wani mahaukaci yana kururuwa, "Ta tafi! Mun ci, Baba, mun ci!" Ashe ni ne. Na rungume tsohon nan na ɗaga shi sama, ƙafafunsa na lilo, yana dukan bayana yana cewa, "Sauke ni, ɗan banza, sauke ni!" hawaye na bin kumatunsa.

Da na ɗaga kai sai ga mu a babban allon fili. Ni da rawayar rigata, da babanki a sama. Kuma abin da ke allon nan, shi ake gani a kowane ɗaki a ƙasata.

Ba mu kai bakin ƙofa ba waya ta yi ƙara. Mama ce. Ta ce, "Dermot, na ga wani a talabijin mai kama da kai sak, sai dai shi da alama ba shi da uwa." Tana ajiyewa sai ga yayana Kieran: "Ƙane, albishirinka. An sauke hotonka daga bangon kulob, mun rataya na karen Mama a gurbinsa. Shi dai ya san gidansu."

Kin ga abin da sonki ya mai da ni? Tsuntsun da ya ɓata da reshensa, bai kuma san ko ɗaya bishiyar za ta karɓe shi ba! Wace irin mace ce ke, da ba ki ko fili amma kika sauya wa mutum ƙasa?

Baba bai ce mu tafi gida ba. Ya ja ni bakin ruwa, ya saya mana kifi da soyayyen dankali, muka zauna a kan benci muna korar tsuntsaye. Can ya ce, "Ban yafe muku ba fa."

Na ce, "Na sani, Baba."

Ya ce, "Amma ka ce 'mun'. Ƙasa biyu sun ji." Ya ɗauki dankali ya jefa wa tsuntsu, sannan ya ce, "Dermot." Sai da na waiga in ga ko da wani yake. "Garin nan ba mu da burodin kirki. Na faɗa ne kawai."

Ga amsata, ya hasken asubata. Washegari na kira Kieran na ce tanderu nasa ne. Ya ɗauka wasa nake yi, da ya ji da gaske ne sai muryarsa ta sauya, ya ce zai kula da shi yadda Kaka ya koya mana. Ba zan ce miki bai yi mini ciwo ba. A gaban tanderun nan na girma, na san fushinsa da lafawarsa kamar yadda kika san ruwanki, kuma Mama ba yarinya ba ce. Ita ma na kira ta na gaya mata. Sai ta ce, "Ka je. Namijin da ya ɗaga surukinsa a gaban duniya ba ya ajiye shi a hanya. Amma Kirsimeti a nan za ku riƙa yi, kuma ka gaya wa yarinyar nan ta zo da baƙar rigarta in ta isa."

Wuta ana hura ta a ko'ina, Marama. Gari da ruwa da gishiri akwai su a kowane gari. Amma ke ɗaya ce, kamar yadda wata ɗaya ne ko da rijiya dubu sun nuna shi. Me zan yi da tanderu mai zafi da ɗaki mai sanyi? Me zan yi da nasarar ƙasata in babu wadda zan tsokana da ita?

Sai dai ki sani tun yanzu, kada a ce na yaudare ki: haukan nan na rana ɗaya ne. In aka sake haɗuwa, rawaya zan sa, a gefenki zan zauna, kuma in muka lallasa ku zan yi waƙa tun daga fili har gida. Ki yi fushi, ki hana ni magana har wayewar gari, amma a gida ɗaya. Abin da nake roƙo ke nan: gida ɗaya, ƙofa ɗaya, da faɗan da ba sai an sayi tikitin jirgi kafin a shirya ba.

Ki aure ni, Marama. Ki aure ni, ya ke inuwar da na tarar bayan doguwar tafiya, ya ke ruwan da ya san hanyar kwari.

Na so in jefa wannan a akwatin gidan waya, Baba ya ƙwace. Ya ce ba a ba ɗan Ostireliya amanar jifa, shi zai kawo miki da hannunsa in jirginku ya iso, kuma zai tsaya a kanki har ki kai ƙarshe. Ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci. Saboda haka in kin zo wannan layin, na san yana gabanki yana yi kamar yana kallon ruwa. Ki ɗaga kai ki duba bayan kafaɗarsa, wajen ƙofar fita. Wancan mai garin fulawa a hannun riga, ni ne.

Naki a rani da damina, ran ci da ran shan kashi, har numfashina na ƙarshe,

Dermot