Haƙorina a Hannun Surukata

Tandabawi, Makka, ƙarshen Zulhajji 1367

Zuwa ga Yaya Mairama, a Wad Madani,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata kuna lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya jikin Iya? Allah ya ƙara mata sauƙi.

Na san ni kuke sa ran gani cikin ayarin alhazan nan, ba takarda ba. Ki ba Iya haƙuri. Maigidana bai saɓa alkawarin barina in zo duba ta ba, haƙori ne ya kayar da ni. Turmin can na ƙurya, wanda ba ya fitowa sai an girma, shi ya fito a karkace, kumatuna ya kumbura har ido ya rufe. Wanzami Tijjani na unguwar Hindawiyya ya zo da awartakinsa ya cire shi. Azabar da na sha ba na yi wa maƙiyina fatanta.

Amma ba ciwon ne ya dame ni ba. Da na dawo hayyacina na tambayi haƙorin, wanzami ya ce ai surukata ta karɓa ta ƙulle a gefen zane. Na tambaye ta, ta ce in yi shiru kada jini ya ɓalle. Yaya, matar da tun da aka fara zancen tafiyata ba ta sake yi mini dariya ba, me za ta yi da haƙorina? Ke ma kin san yadda ake kafe mace a gida. A samu gashinta ko farcenta a binne, shi ke nan, ko ƙofa a buɗe take ba za ta iya fita ba.

Sai ga jinya ta tashi kamar ita ta haife ni. Ta fifita mini kunu, ta gasa mini kumatu da tsumma mai ɗumi, ta kawo ruwan gishiri da dakakken kanumfari. Ta hana ni goro da shayi mai zafi. Maƙwabta su zo sannu, ta tare su a ƙofa, wai surutu zai hana ramin haɗewa. Ni dai ina karɓa ina godiya, in ta juya baya in zubar. Tsoro nake ji, Yaya. Ku sa ni a addu'a.

Ki gaishe da kowa da kowa.

Ƙanwarki, Ramlatu

Jidda, Muharram 1368

Zuwa ga Yaya Mairama,

Bayan gaisuwa da tambayar jikin Iya, ina sanar da ke ina Jidda tare da ayarin ƙarshe, muna jiran jirgin ruwa. Wani ɗan garinku zai riga mu hawa, shi na ba takardar nan.

Ciwon nan sai da ya dawo sabo. Na riƙa sakace ramin da asuwaki don kada maganin surukata ya zauna a ciki, bakina ya soma wari, zogi har cikin kunne. Wanzami ya ce gudan jinin da ke rufe ramin na tsokale. Shi ya ga haka, ni kuwa na ce kafi ne ya fara aiki, don ayari na biyu ma ya tafi ya bar ni.

Ran nan surukar tawa ta tafi Harami, na ga sabuwar ƙasa a bayan randa. Na sa wuƙa na tona, sai ga haƙorina cikin farin ƙyalle. A haka ta dawo ta same ni. Na zaci za ta yi musu ko ta rantse, sai ta zauna a ƙasa kusa da ni.

Ta ce, "Ni na binne, 'yar nan. Ba don kada ki tafi ba. Da na baro Sakkwato shekara ɗaya na ce wa uwata zan yi, ga ni har furfura. Hanyar nan ba ta mayar da mutum. Na ce ko wani abu naki ya zauna a nan, ya jawo mini ke."

Kafi ne ko ba kafi ba ne? Na daɗe riƙe da haƙorin, sannan na mayar da shi ramin da hannuna na rufe. Daga ranar na riƙa kurkure baki da ruwan gishirinta, kumburin ya saɓe, har ina tauna gurasa ta ɓangare ɗaya. Ita da kanta ta ɗaure mini kaya ta raka ni bakin mota.

To ga ni na fita Makka lafiya, babu abin da ya riƙe mini ƙafa. Ki gaya wa Iya ina tafe. Sai dai tun safe ina zaune ina kallon teku, ba abin da nake tunani sai wa zai shafa wa tsohuwar nan mai a gwiwa. Ban ko hau jirgi ba har na fara lissafin dawowa. Yaya, anya abin nan bai kama ni ba?

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki, Ramlatu