Da sabon takalmi 'yata za ta hau dutsen

Assalamu alaikum. Admin, a ɓoye sunana. Ban yi boko ba, da murya na turo aka rubuta min. Don Allah 'yan gida ku ba ni shawara, kafin Juma'a nake buƙatarta.

Ina zaune a garin Landover, nan ƙasar Turawa, lodin kaya nake yi a wani sito. 'Yata ɗaya, nas ce, tana aure a garin Manassas, ba nisa da ni. Mijinta injiniya ne, irin mutanen nan da ba su taɓa kwana da ƙishirwa ba amma komai sun fi kowa sani. Shi ya ƙirƙiro cewa za su je Guatemala su hau dutse mai aman wuta, kwana uku a ƙafa, wai hutu.

Asabar ɗin da ta wuce na je gidansu, na tarar sun baje kaya a falo. Tanti, jakar barci, tocilar goshi, sandar dogarawa, rigar sanyi, har da wani ɗan abu wai mai tace ruwa. Sai na ga takalminta, na fata, sabo fil a kwali. Na murɗa shi, tauri kamar katako. Na tambaye ta ko ta taɓa yawo da shi, ta ce a'a, ajiyarsa take yi sai ranar hawa kada ya yi datti. Na ce ta fara sa shi tun yau, ko zuwa aiki ne. Mijin ya yi dariya, ya ce Baba ai da na'ura aka auna ƙafarta a shago.

Da zan tafi na ɗauke takalmin ban faɗa ba. Na shafe shi da man kaɗanya, na naɗe shi a tsumma na bubbuga dunduniyar da taɓarya, kwana biyu ina murza shi har ya yi laushi. Na mayar ranar Talata. Mijin ya ce na kashe takalmin, man ya lalata abin da ke hana ruwa shiga. Wataƙila gaskiyarsa ce, wannan ban sani ba. Sai ya juya ya ce mata da Turanci wai in tsaya kan ɗaukar kwali, shi na iya. Ya ɗauka ban ji ba, shekara goma sha bakwai ina ƙasar nan. Na ce masa ranar da ya yi tafiyar yini ɗaya ba ruwa ya zo mu yi magana. Ita kuma ta ce na kunyata ta, in daina taɓa mata kaya. Jiya ya sayo mata wani sabo, irin na farkon, yana nan a kwali.

Ga abin da ba su sani ba. Ni da ƙanena muka keta sahara kafin a haife ta. Motarmu ta mutu, muka taka tare da sauran ayari. Tun a Agadas ƙanen nawa ya sayi sabon takalmi don ya shiga Libiya da kyan gani. Yini ɗaya ya ci masa dunduniya, rana ta biyu bororon ya fashe, yashi ya shiga. Ya cire takalmin, ƙasa ta ƙone masa tafin ƙafa. Rana ta uku ya kasa tashi. Na goya shi har inda ƙarfina ya ƙare, na zaunar da shi a inuwar wani dutse, na bar masa rabin ruwana, na bi ayari. A gida na ce zazzaɓi ne ya kashe shi a asibiti. Har mahaifiyarmu ta rasu haka ta sani, haka 'yata ta sani.

Na san can akwai ɗan jagora, ba sahara ba ce. Amma ƙafa ƙafa ce, kuma ban yarda mutumin nan zai iya goya ta ba.

In na yi shiru za ta hau da sabon. In na faɗa mata dalili za ta saurare ni, amma daga ranar ta san ubanta ya bar ɗan'uwansa da rai ya tafi. Kada wani ya ce in ba surukina haƙuri, ba shi na tambaya ba. Juma'a jirginsu zai tashi. In faɗa mata ko in bar ta ta tafi?