Jan rubutu a kan hanyar Riko

Daren Laraba, Jibiya

Na daɗe ina jin ana cewa kwamfutar ofishinmu na direbobi tana aiki ita kaɗai, ba hannun kowa. Nakan ce to, ashe aljanu ma sun shiga boko.

Yau bayan la'asar ina zaune gabanta, sai 'yar kibiyar nan ta kan allon ta motsa da kanta, ta buɗe shafin sanarwa. Sai ga jan rubutu: an tare hanyar Riko. Ɗana Habu kuwa can ya nufa da lodin gero tun hantsi.

Na kira Hadiza, mai kula da na'urar daga Katsina. Ta ce, "Baba, kwantar da hankalinka, gwaji ne. Na'ura ce ke aiko saƙon wasa, a ga ko zai fito." Na ce, "'Yar nan, duk hanyoyin Allah ta rasa ta gwaji sai wadda ɗana ke kai?" Ta ce bari ta duba. Ba ta sake kira ba.

Wayar Habu har yanzu ba ta shiga. Tuwonsa na nan a rufe.

Mutum na ƙarshe da ya ba ni labarin kwamfutar nan mai aiki ita kaɗai, yau da safe, yana ɗaure kaya yana mini dariya, Habun ne.