Igiyar Injin Gyaɗa

Salamu alaikum, Yaya Rabi. Ina gajiya? Ya maigidanki da yara? Mu nan garin Agiye da sauƙi.

Yaya, wurinmu na matsar man gyaɗa ya canza. Lokacin Hajiya mai wurin, kullum da safe sai ta zagaya ta ce, "'Yan mata, me ya lalace?" Wadda ta faɗa har godiya take samu. Da ɗanta ya karɓa, wadda ta kai mishi maganar gyara sai ya ce ita ta ɓata, ya kore ta.

Igiyar inji ta yi mako tana tsagewa. Duk mun gani, ni ma na yi shiru. Ran Talata ta tsinke, ta fyaɗi abokiyar aikina Saude a ido, tana gefena. Ina goye da Sani, iskar igiyar ta wuce ta kanshi. An ce idon Saude ba zai dawo ba.

Har yau ban yi kuka ba, Yaya. Ɗinke igiyar kawai aka yi, kuma ni aka ce in maye gurbin Saude a bakin injin gobe.

Ki gaida kowa. Ki roƙa min Allah ya buɗe bakina kafin a tada injin.

Ƙanwarki, Zulai.