Tsakar Gidan Sabon Asibiti

Daren Laraba, Malumfashi.

Yau na kai Inna sabon asibiti. A tsohon, layi ake bi a siririyar baranda, kowa na kallon ƙeyar na gabansa. Nan kuwa an bar fili a tsakiya, haske ta sama, bencina suna fuskantar juna. Sak tsakar gida! Ban san lokacin da na rangaɗa sallama ba. Kowa ya amsa, har Malam Sani, maƙwabcin gonata da muka shekara biyu muna gaba kan iyaka. Ba lungun ɓuya. Ya matsa ya ce, "Zaunar da Inna nan." Anya maginin ya san ya gina wurin sulhu? Gobe dai a gona, ni zan riga shi cewa sannu da aiki.