Gadon Jariran Gidanmu Ya Maƙale a Fada

Zuwa ga ƙanina Dilovar,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah Ya sa kana lafiya kai da matarka Nozanin, Ya sauke ta lafiya, Ya sassauta muku sanyin Rasha. Mu nan lafiya lau, sai dai gwiwar Mama da ke matsa mata tun da aka fara tsinkar inabi.

Ka ce in karɓo gahvora, gadon jariran gidanmu, kafin ku iso. Dilovar, na kasa, kuma raina a ɓace yake. Ka tuna marigayi Baba ne ya ba da aronsa ga gidan tarihin da ke tsohuwar fadar kan tudu, don nunin bikin sabuwar shekara na Navruz, da baki kawai, shi da tsohon shugaban wurin. To, shugaban ya rasu. Na yanzu, wani Bahrom, cewa ya yi duk abin da ya shiga fada aka manna masa lamba ya zama na ƙasa. Na koma, aka ce yana taron mawaƙa. Na sake komawa, na tarar an cika farfajiyar da kujerun biki, mai gadi ya ce in matsa ina tare wa amarya hanyar hoto.

Da Mama ta ji, ta ce sai ta je da kanta. Na riƙe ta muka hau matakalan nan na dutse, tana hutawa tana tsine wa sarkin da ya gina su. Muka sami gahvoran a ɗakin sama, an kwantar da 'yar tsana mai shuɗin ido a ciki, an rubuta wai ba a san gidan da ya fito ba. Mama ta nuna wa Bahrom gurbin haƙoranka a jikin mariƙin, ta ce masa ita ta san gidan, ta kuma san kakarsa, wadda ko allura ta ara takan mayar kafin magariba. Ya yi ta murmushi yana Hajiya kaza Hajiya kaza, sannan ya kawo shawara: wai a kawo jaririn ranar bikin kaka, a kwantar da shi a ciki gaban baƙi, a yi kiɗa a ɗauki hoto. Mama ta ce jikanta ba birin wasa ba ne, in yana son abin nuni ya shiga ya kwanta da kansa, tsawonsu ɗaya.

Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata. Haka muka sauko ba gahvora. Washegari Mama ta kira Usto Sherali kafinta, ta nuna masa gadon katakon da Baba ke shan shayi a kai a tsakar gida, wanda ta hana kowa zama a kai tun rasuwarsa. Ta ce ya ɓaɓɓalle shi ya ƙera sabon gahvora. Wai tunda Baba ne ya ba da aron tsohon, shi zai biya. Da aka fara cire ƙusoshin ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. In kun zo, kada ka tambaye ta inda gadon Baba ya tafi.

Mama na gaishe ku, haka Kawu Firdavs da Goggo Zebo. Ka gaida Nozanin da surukarka.

Yayarka,
Shahlo